Wanda Ya Tone Gangaman Barmo

Kwana hamsin da biyu da rasuwar Barmo mai garka, aka iske ramin irinsa a buɗe, babu ko ɓawo a ciki.

Ramin yana ƙarƙashin wata tsamiya, tsakanin bayan gidansa da garkarsa, wato lambunsa na bakin gulbi. A nan yake binne uwar gangamau, wato kurkum, cikin yashi tun kaka, ta yi barcinta har ruwan shuka ya sauka. Ɗansa Mansur, wanda ke aiki a wani buro, wato ofis, a Maradi, shi ya zo da ɗan kasuwa da mota don a kwashe a sayar. Suka tarar da rami yana kallon sama.

Da sata ce kawai, da mutanen Kwarin Tsamiya sun ji daɗinta, don gari ne da ba a cika samun abin magana ba. Sawun da ke bakin ramin ne ya hana su jin daɗi. Takalmin taya ne, na hagu da faci a diddige, ƙusa uku a jere. Duk garin babu wanda bai san shi ba, don shekara goma suna ganin wannan faci a ƙofar masallaci kullum asuba, kuma dukansu sun raka mai shi makwancinsa.

Mata suka ce fatalwa ce. Maza, da yake sun fi jin kunyar tsoro, suka nemi mai rai da za a iya ɗaurewa. Suka samu Maikuɗi.

Kafin azahar aka aika kabu-kabu Gidan Rumji ya ɗauko Labo mai bin sawu.

*

Labo dattijo ne siriri mai kallon ƙasa ko da ana gaishe shi. Ya sauka, ya dubi bakin ramin, ya dubi taron da ya kewaye shi.

«Ranka ya daɗe,» ya ce wa maigari, «mutum nawa ne a garin nan?»

«Za mu kai ɗari huɗu.»

«To, duk sun zo. Na ga sawunsu. Allah ya saka masu, sun rage mini aiki.»

Abin da ya tsira daga ƙafafun jama'a bai wuce taku bakwai ba, a gindin danga inda ƙaya ta hana mutane bi. Labo ya durƙusa. Huɗu sun nufi garka, sun nutse a laka, alamar mai su yana ɗauke da kaya. Uku sun dawo, ba su nutse ba. Ya sa yatsa a cikin ɗaya. Facin ya fito sarai, amma bakin takalmin bai danna ƙasa ba, kamar ƙafar da ke ciki ba ta kai gaba ba. Kuma tsakanin taku da taku bai kai kamu biyu ba. Barmo kuwa dogo ne, in yana tafiya sai ka ce auna gona yake.

«Ɓarawo ya ratsa garka ya bi hanyar gulbi,» in ji Mansur. Yana sanye da farar riga, waya a hannu, yana dubanta kamar a nan sawun yake. «Mun bi har bakin hanya.»

«Na ga kun bi,» in ji Labo. «Ku da yawa.»

Maigari ya yi masa bayani. Ruwan shuka ya sauka daren Litinin. Talata da Laraba kowa ya ɗauki sungumi ya tafi gona, har yara masu jefa iri. Ba wanda ya rage a gari sai tsofaffin da ba su tashi, da matar marigayi da ke takaba, da Maikuɗi, wanda ba shi da gona.

*

An ɗaure Maikuɗi a gindin darbejiyar ƙofar maigari. Shi ke ginan kabari in an yi mutuwa, ranar kasuwa kuma yana taimaka wa mai injin niƙa a Gidan Rumji. Rigar Barmo ce a jikinsa, wadda aka ba shi sadaka ranar bakwai. Leɓensa ya kumbura. Hannuwansa kuwa, da aka ɗaure ta gaba don kowa ya gani, rawaya ne shar har wuyan hannu.

«Baba Labo,» ya ce, «riga aka ba ni da hula. Wallahi babu takalmi. Dubi ƙafata, yaushe rabon ta da takalmi?»

«Hannun fa?»

«Kurkum na niƙa wa 'yan koli, buhu biyu. Na faɗa, sun ce ai ɓarawo ba ya rasa magana.»

Wani saurayi mai sanda ya ce, «Mi ake jira? Ga hannu, ga riga. In ba a kai shi jandarma ba mu mun san yadda za mu yi.»

Maigari ya ce an ba mai bin sawu zuwa la'asar. Daga nan mota za ta tafi da Maikuɗi, in samari sun bar abin da za a tafi da shi.

Labo ya dubi igiyar. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce, wajen Gazawa, ya bi sawun awaki biyar har wata ruga, ya nuna wani Bafulatani da yatsa. Bai ce komai ba, yatsa kawai ya ɗaga. Kafin jandarma su iso an gama. Bayan kwana biyu awakin suka dawo gida da ƙafarsu, sun ƙoshi. Tun daga ranar, in Labo yana bin sawu shi kaɗai a daji, yakan ji taku a bayansa, marar nauyi, irin na mai tafiya da sanda a kafaɗa. Ba ya waiwayawa. Ya san ba zai ga sawu ba, kuma ya fi tsoron ya gani.

Yanzu ma, a tsakiyar gari da rana tsaka, sai da ya ji shi.

*

Mai takaba ba ta fita, namiji kuma ba ya shiga. Labo ya tsaya a zaure, zana ta raba shi da tsakar gida, ya yi sallama, ya yi ta'aziyya. Muryar Dija, matar Barmo, ta amsa daga can, a hankali.

«Ya haƙuri?»

«Da godiya.»

«Takalman marigayi nike tambaya. An ba da su sadaka?»

«Kayan mamaci da yawa, Malam Labo. Wanda ke kuka ba ya ƙirga.»

«Talata da Laraba ba ki ji motsi bayan gida ba?»

«Tun da Malam ya tafi kullum ina jin motsi. In iska ta kaɗa tsamiya sai in ji kamar tarinsa. Wanne zan faɗa maka?»

Ta ce ya sha ruwa. Ƙwarya ta fito ta gefen zana, hannu biyu riƙe da ita. Labo ya karɓa, idonsa a ƙasa kamar yadda ya saba, don haka ya ga hannun kafin ya koma. Ja ne jawur, yatsu da tafi, har ƙarƙashin farce, kamar na amaryar da ta kwana cikin zunguru.

Ya sha ruwan da ƙyar. Lalle, a hannun mai takaba, kwana hamsin da biyu. Ya fita yana cewa a ransa duniya ta zo inda ta zo, kuma ba aikinsa ba ne. Shi ƙafa aka ɗauko shi ya duba.

*

Ya nufi ɗan kasuwar, don a ganinsa wanda ya san darajar kaya shi ya fi kusa da su. Alhaji Ɗantala, mutumin Agiye, yana zaune a inuwar motarsa yana fifita da hula.

«Ni?» ya ce, ya yi dariya. «In saci abin da na zo saye? Talata ina kasuwa, mutum dubu sun gan ni, rabinsu sun zage ni. Je ka tambaya.»

«Mi ke cikin gangaman nan, Alhaji, da za a zo da mota? Ga shi nan tuli a kasuwa.»

Alhaji ya dube shi kamar wanda ya ce doki da jaki duk dabbobi ne. Ya zaro saiwa biyu busassu daga aljihu. Ɗaya ƙatuwa, mai santsi. Ɗaya siririya, a murɗe, kamar yatsan tsohuwa.

«Wagga babbar ita ce ta kasuwa, daga kudu ake lodo ta. Kyau gare ta a ido.» Ya karya ta, cikin ya fito rawaya fari-fari. «Shinshina. Ƙasa-ƙasa, ko? Cokali uku kake zubawa kafin shinkafa ta san an zo. To, ga ta Barmo.»

Da ƙyar ta karyu, ta yi ƙara kamar ƙashi. Cikinta kalar garwashi ce, tana ƙyalli kamar an shafa mai. Ƙanshin ya bugi hancin Labo, mai yaji, mai ɗaci, da wani sanyi a ƙarshe.

«Kakansa ya zo da ita daga hayin iyaka, ta zauna a lakar gulbin nan ta zama wani abu daban. An kai ta Gidan Sori, an kai ta wajenmu, ta yi ganye ta ƙi yin jini. Bakin wuƙa kaɗai ya ishi tukunya. Masu magani a birni ba su neman wata.»

«In ka sayi irin, ina za ka shuka?»

«Shuka? Ni manomi ne? Dafawa za a yi, a shanya, a niƙa. Mai saye ya ce a kawo duk abin da ke akwai.»

«Wadda aka dafa tana tsira?»

«Kai ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya yi ɗan tsako?»

Da yake ɗan kasuwa ba ya fara wa'azin kayansa ya tsaya a tsakiya, Alhaji ya sa aka kawo toka daga murhun mai shayi, ya dama da ruwa a murfin kwano. Ya goga garin kasuwa a tafin hagu, ya ɗiga ruwan. Launin ya ɗan dushe, ya zama kamar tsatsa, ya bi ruwa.

«Rabinsa garin rogo ne da rini. Ba nawa ba, na wasu.» Ya goga ta Barmo a tafin dama, ya ɗiga. Nan take tafin ya koma ja kamar an yanka shi. «Ka gani? Kuma sai ya yi mako. Mai gani ya ce lalle na sa.»

Labo ya daɗe yana kallon tafin Alhaji.

«Barmo,» ya ce, «in zai shuka, yaya yake yi?»

«Ya yanka uwar gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, ya tsoma bakin yankan a toka don kada ta ruɓe. Duk damina hannunsa ja, har ana yi mashi ba'a a masallaci.»

*

Labo ya koma garka shi kaɗai. Fangali goma sha biyu ne, an lulluɓe su da tsohon kara da ganyen tsamiya, kamar yadda mai su ke barin su duk rani. Masu bin ɓarawo sun ratsa ta tsakiya a guje, ba wanda ya dubi gefe. Ya ɗaga karan fangalin farko. Ƙasar a juye take, sabuwa. Ya tura yatsa, ya taɓa abu mai tauri, ya zaro. Gunduwar gangamau ce, bakin yankan da toka, idon yana kallon sama.

Ya mayar da ita, ya rufe. Takun nan ya tsaya a bayansa, kusa ƙwarai. Ya gano gaskiya, kuma gaskiyar tana bukatar ya sake ɗaga yatsa.

Ya sake yin sallama a zaure.

«Takalman sun yi miki yawa,» ya ce wa zanar, murya ƙasa-ƙasa.

Dija ta ce, «Hanyar duk ƙaya ce. Nawa sun tsinke tun ranar uku.»

«Kin san abin da za a ce? Mai takaba ta fita. Ta kwashe kayan gado ba a raba ba.»

«Na sani. Shekara talatin da ɗaya ni ke riƙe mashi ƙwaryar toka yana yanka. Yaron nan ya kira a waya ya ce zai zo da mota. Na ce mashi iri ne, ya ce Inna ba ki san kasuwa ba. Sai ga ruwa ya sauka. Gangamau ba ya jiran takaba, Malam Labo. Ya riga ya fara fito da ido a rami, ina jin shi daga ɗaki. Ban yi zaton za a kama kowa ba. Tun safe nike zaune da mayafi a hannu. In mota ta tashi da bawan Allahn nan, a tsakiyar dandali za ku gan ni.»

«Kada ki fito. Ki ba ni lokaci zuwa la'asar.»

*

Bayan sallah ya roƙi maigari a taru a ƙofar gidan Barmo, a zo da Maikuɗi, a zo da toka da ruwa. Gari ya taru. Liman ya zauna kusa da maigari, Mansur ya tsaya a bakin zaure.

Labo ya sa Alhaji ya sake gwajinsa a gaban kowa, hannu biyu, launi biyu. Alhaji ya yi da murna, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba. Sannan Labo ya zuba ruwan tokar a hannuwan Maikuɗi. Rawayar ta dushe, ta zuba ƙasa, ta bar baƙar fata da kanta.

«Wannan na kasuwa ne,» in ji Alhaji. «Mai arha ma.»

«Wataƙila buhu kawai ya ɗauka bai taɓa ba,» in ji saurayi mai sanda, wanda ya ga aikinsa na neman kuɓucewa.

«Wanda ya ɗauka ya taɓa,» in ji Labo. «Ku biyo ni. A hankali, in kun iya.»

A garka ya ɗaga kara, ya zaro gunduwa ɗaya, ya ɗora a tafin maigari. Ya ɗaga na biyu, na uku, har na sha biyu.

«Ga kayanku. Ɗazu kun bi ta kansu a guje. Ɓarawon nan ya tone iri, ya yanka, ya tsoma a toka, ya shuka a garkar mai shi, ya lulluɓe don kada rana ta ƙona. Shekara arba'in ina bin ɓarayi, ban taɓa gamuwa da mai ladabi irin wannan ba.»

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta fara salati. Alhaji ya duba gunduwar, ya ce yankakke mai laka ba ya shiga buhunsa, ya sa hularsa.

Fuskar Mansur ta yi duhu. «An ɓata mini ciniki, an kunyata ni gaban baƙo. Ni na yi lakol, na yi boko, ba a yi mini tatsuniya. Wanda ya yi wannan hannunsa ja ne, ko ba haka ba? To, kowa ya nuna hannu.»

Aka koma ƙofar gida. Maza suka jeru, mata suka jeru, har maigari da liman suka buɗe tafi. Mansur ya bi layi da kansa. Hannun sungumi, hannun daka, kanta da faso, babu ja ko ɗaya sai na Alhaji. Ya kai ƙarshen layi, a bakin zauren ubansa, ya juyo.

«Saura wa? Malam Labo, aikinka ne. Nuna mana.»

Labo ya haɗa hannuwansa a baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya.

«Ni sawu nike bi, ɗana. Sawu ya fito daga bayan gidan nan, ya koma bayan gidan nan. Takalmin Barmo ne, yankan Barmo ne, tokar murhun Barmo ce. Hannun da suka rage a garin nan kai ka fi ni kusa da su. In kana so a duba, kai za ka ce a duba.»

Daga bayan zana aka ji motsin mayafi, da takun mutum ɗaya ya matso ya tsaya. Mansur ya ji. Ya dubi zanar, ya dubi mutum ɗari huɗu da ke kallon bakinsa, matan cikinsu sun riga sun fara karkata kai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya bar ta har ta gaji.

«Baba ne,» ya ce.

«Mi ka ce?» in ji maigari.

«Na ce Baba ne ya shuka abinsa. A kwance mutumin nan.»

Liman ya yi tari, ya buɗe baki don ya gyara aƙidar jama'a, sai ya dubi zanar shi ma, ya ce Allah ne masani. Maigari ya ce to, tun da mai ilimin boko ya faɗa, su wa za su musa. Saurayi mai sanda ne ya kwance igiyar, ya kuma ce shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da maganar ba. Maikuɗi ya shafa wuyan hannunsa, ya tambaya ko rigar za a karɓe. Aka ce ya riƙe.

Jama'a suka watse da sauri, ba wanda ya bi ta wajen tsamiya. Motar Alhaji ta tashi babu kaya. Labo yana jiran mai kabu-kabu a bakin zaure, sai ya ga Mansur ya shiga ya durƙusa a jikin zana, farar rigarsa a ƙasa.

«Inna,» ya ce daga baya, «in ruwa ya ɗauke, sau nawa ake yi mata ban ruwa?»

Muryar ta fito daga ciki, a bushe.

«Tambayi ubanka. Ai shi ya shuka.»